Cinikin biri a sama: asarar wani mai tara duwatsu a Sakkwato, da abin da ya tsayar da ita

Mutumin da akwatinsa, 2016 zuwa 2021

Kawuna ne, wan mahaifiyata, kuma da izininsa nake rubuta wannan bisa sharaɗin kada sunansa ya fito. Yana da shago a babbar kasuwar Sakkwato, inda yake sayar da zobban azurfa da carbi da turare. Ya haura shekara hamsin da biyar. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare, kuma wannan ne ya sa daga baya aka jawo ni cikin maganar.

Ta ƙofar sana'a son duwatsu ya shige shi. Mai sayar da zobe ba ya rasa sanin aƙiƙ da fairuz, sai dai bayan ya dawo aikin Hajji a 2016 hankalinsa ya koma kan duwatsun da ba a yanka ba, ba a goge ba, yadda suka fito daga ƙasa. Buzaye masu saukowa daga Agadas da Tawa ta Ƙonni da Illela su kawo masa, direbobin da ke zuwa Jos su ma su riƙo masa. Yawanci naira dubu biyu zuwa dubu biyar yake saye. Ya samu akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana ya riƙa zubawa, wani a naɗe cikin tsumma, wani cikin takardar siminti, wani haka nan tsirara. Zuwa ƙarshen 2021 sun haura arba'in. Ba a rubuta sunan ko ɗaya ba, balle inda aka haƙo shi ko nawa aka saya. In ka ɗauki guda ka tambaya, amsar ba ta wuce "wanga wani Buzu yak kawo man shi."

Gwajinsa uku ne. Ya karce gilashi da dutsen, ya ɗora a kunci ya ji ko da sanyi, ya haska tocila ta bayansa. Wanda ya haye ukun, ya shiga akwati.

Sayayya ta farko mai nauyi, Maris 2022

Wani dillali da suka daɗe suna hulɗa ya kawo masa duwatsu uku. Biyu shuɗaye ne, kowanne bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya ce safaya ce, wato shuɗin yaƙutu, ta Mambila. Na ukun dogo ne kamar ɗan yatsa, mai gefe shida, launin ruwan garau da ɗan shuɗi, ya ce akwamarin ne daga Nasarawa Eggon. Wuraren da ya ambata na gaskiya ne: ana haƙo safaya a tsaunin Mambila a jihar Taraba, kuma yankin Nasarawa Eggon sananne ne da akwamarin. Duk ukun sun bar zane a jikin gilashin kantarsa, duk suna da sanyi a kunci, duk haske ya ratsa su. Aka daidaita a kan naira 380,000, aka biya hannu da hannu, ba rasit, ba shaida. Niyyarsa ya ajiye su a matsayin kadara, ranar da ya matsu ya sayar.

A tsakanin nan akwatin ma ya yi wa kansa ɓarna. A 2023 wani ya gaya masa wai dutsen gaske ruwan batir ba ya cin sa. Ya ɗiga a kan wani kyakkyawan dutse mai launin zuma, nan take ya yi kumfa, fuskarsa ta dushe. Ya yanke cewa jabu ne, ya miƙa wa jikokinsa su yi wasa da shi.

Dutsen sama, Yuli zuwa Agusta 2025

A watan Yulin 2025 labari ya cika rediyo da wayoyi. Kamfanin gwanjo na Sotheby's a Amurka ya sayar da wani dutse da ya faɗo daga duniyar Mas a kan kusan dala miliyan 5.3. Nauyinsa ya kusa kilo 25, sunan rajistarsa NWA 16788, kuma a yankin Agadas aka tsince shi a watan Nuwamban 2023. Gwamnatin Nijar ta ce za ta binciki yadda ya bar ƙasar, sannan a watan Agusta ta dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama.

Ga mutumin Sakkwato, Agadas ba wata duniya ba ce, hanya ɗaya ce ta Illela. Cikin 'yan makonni duk mai baƙin dutse a gida ya kakkaɓe masa ƙura. Tsofaffi suka tuno da gatarin aradu, wasu suka tuno da dutsen ƙarfen da ya faɗo a jihar nan a 2008, wanda aka yi wa rajista da sunan Sokoto. A tsakiyar Agusta dillalin nan ya sake bayyana, tare da wani baƙo mai rawani, riƙe da dutse a cikin buhu. Baƙi ne wuluk, yana ɗan ƙyalli, girmansa kamar gwanda matsakaiciya. Baƙon ya ce ɗan'uwan wancan na Agadas ne, wuri ɗaya suka faɗo, kuma yana sauri ne kafin jami'ai su ji. Ya yi kuɗinsa miliyan shida. Kawu ya taya, aka yi albarka, aka sake tayawa, har aka tsaya a miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Ya ba da naira 900,000, dutsen ya zauna a hannunsa, sauran sai an samu mai saye.

Abin da aka gwada bai yi ba, Agusta zuwa Satumba 2025

An fara da maganaɗisu na tsohuwar lasifika. Ya kama dutsen, ba da ƙarfi sosai ba, amma ya kama, 'yan layi suka yi kabbara. Aka kai wa mai walda ya ɗan gurza gefensa da inji, aka ga tartsatsi kaɗan, aka ƙara samun natsuwa. Aka ɗauki hotuna aka tura wa duk wanda ake jin ya san wani a waje. Masu cewa shi ne da masu cewa ba shi ba ne suka zo kusan kunnen doki, kuma babu wanda ya kawo dalili.

Sai wani ya ɓullo ta Facebook, ya ce shi mai saye ne a Turai, ya yi tayin da ya hana Kawu barci. Sharaɗinsa ɗaya: a fara biyan dala 150 kuɗin takardar shaida. Ɗan Kawu ya tura. Bayan kwana huɗu aka nemi wata dala 400 ta kwastan. Da aka ce a cire daga kuɗin dutsen, mutumin ya daina amsawa. A wannan makon ne lambar baƙon mai rawani ita ma ta daina shiga, duk da cewa shi ke bin bashin dubu ɗari tara. Wannan ne ya tayar wa Kawu da hankali fiye da komai, don ya san kasuwa: mai bin kuɗi ba ya ɓacewa.

Awo, Oktoba 2025

Ranar wata Asabar bayan la'asar ya aiko a kira ni, ya ce in zo da "kayan makaranta". Abin da na kai bai taka kara ya karya ba: madubin ƙara girma mai ninki goma irin na masu gyaran agogo, zaren ɗinki, kofin roba, guntun tayil, magagari, da ƙanƙarar dutse guda da na tabbatar da ita. Sikelin kuwa nasa ne na awon azurfa, mai nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram.

Hanyar tsohuwa ce. Ka auna dutse a busashe. Ka ɗora kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifiri. Ka ɗaure dutsen da zare ka zura shi cikin ruwan har ya nutse, kada ya taɓa gindin kofi ko gefensa. Abin da sikeli ya nuna shi ne nauyin ruwan da dutsen ya ture. Ka raba na farko da na biyu, sai ka samu ninki nawa dutsen ya fi ruwa nauyi. Kowane ma'adini da lambarsa: ƙanƙara 2.65, akwamarin wajen 2.7, tofaz (wani dutsen ado mai daraja) wajen 3.5, safaya wajen 4.0, gilashin kwalba kuwa wajen 2.5.

Muka shimfiɗa tabarma a zaure, muka kashe fanka don iska na kaɗa zaren. Dogon nan mai gefe shida muka fara ɗorawa. A busashe giram 14.20, a ruwa 5.68. Na buga a waya: 2.50. Na sake ɗaurewa na sake aunawa, bai motsa ba. Na goga masa tsinin ƙanƙara a gindi, ta bar zane, alhali a ma'aunin taurin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812 ƙanƙara tana kan 7, akwamarin na gaba da ita. Na sa madubi, ga ƙwayoyin iska guda uku a ciki, zagayayyu kamar ƙwan kifi, ga kuma sawun magagari a gefunan shida.

"Mi kag gani?" in ji shi.

"Kawu, kwalba ta. An goge ta ne aka yi mata gefe."

Ya karɓi madubin, ya daɗe yana dubawa, ya ajiye. "To ai ta karce gilas."

Gaskiyarsa. Sai dai gilashi mai tsini yana iya barin zane a jikin gilashi ɗan'uwansa, kuma duk abin da ya wuce biyar da rabi a ma'aunin, tun daga ƙanƙarar bakin gulbi, zai karce shi. Gwajin ba ya raba komai da komai.

Shuɗayen biyu suka zo da wani salo. Babban ya ba da giram 1.62 da 0.41, wato 3.95. Ƙanƙara ba ta taɓa shi ba, shi ne ma ya karce ta. Kawu ya gyara zama, fuskarsa ta saki. Ni ma na ɗan yi murna, har sai da na jiƙa dutsen na ɗora a kan farar takarda, na haska daga ƙasa. Launin a jere yake, layi-layi masu lanƙwasa kamar sawun tsintsiya a tsakar gida. Safayar da ta tsiro cikin ƙasa layukanta miƙaƙƙu ne, masu kusurwa. Masu lanƙwasa alamar ta masana'anta ce. Tun 1902 wani Bafaranshe, Auguste Verneuil, ya bayyana yadda ake narka gari a wuta ya daskare ya zama yaƙutu, shuɗin ya biyo baya ba da daɗewa ba. Sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, taurinsa ɗaya, nauyinsa ɗaya, kuma arha ne ƙwarai. 'Yan damfara kan fasa shi, su gurje gefunan, su cuɗa shi da ƙasa ya yi kama da wanda aka tono jiya. Sikeli ba zai taɓa kama wannan ba. Na gaya masa zato ne mai ƙarfi, amma a bari wanda ya fi ni ya gani.

Baƙin dutsen ya fi ƙarfin ƙaramin sikeli, sai muka aro na mai sayar da kaji da bokiti. Giram 2,140 a busashe, wajen 690 a ruwa, kusan 3.1. Wannan lamba ba ta kore shi ba, don duwatsun sama marasa ƙarfe da yawa a nan kusa suke faɗawa. Na goga shi a bayan tayil, ya bar zane baƙi-baƙi. Sai na faɗaɗa wurin da mai walda ya gurza da magagari, na wanke, na duba. Cikinsa cike yake da ƙananan ramuka kamar burodi, wasu wuraren na ƙyalli kamar narkakkiyar kwalba.

Kwana uku muka yi muna bin akwatin ɗaya bayan ɗaya. Duwatsu 68. Tara gilashi ne ko na masana'anta. Goma sha huɗu na gaske ne amma ba sunan da aka sayar masa da su ke nan ba, kuma ba duka ne aka cuce shi ba: wani da ya saya dubu huɗu a matsayin ƙanƙara ya ba da 9.18 da 2.60, wato 3.53, tofaz. Mai launin zuman da aka watsa wa ruwan batir muka karɓo daga hannun yara. Kalsayit ne na gaske, ɗan gidan su farar ƙasar da ake yin siminti da ita, kuma ɗabi'arsa ce ya yi kumfa in ya haɗu da asid. Akwai kuma wani mai nauyin tsiya, mai ƙyallin azurfa, mai fashewa murabba'i-murabba'i, da aka ce daga wajen Zamfara ya zo. Dutsen tozali ne, uwar dalma. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, sama da ɗari huɗu, ba zai bar shi inda jikoki ke wasa ba. Muka sa shi a kwalba muka rufe.

Malamin jami'a da ɗakin gwaji, Nuwamba 2025

Ta hannun wani abokin karatuna muka samu wani malamin ilimin duwatsu ya zo gidan. Bai yi minti biyu da baƙin dutsen ba ya ce kashin maƙera ne, ragowar da ke fita in an narka tama, kuma irinsa na nan warwatse a tsofaffin wuraren ƙira a ƙasar Hausa. Ya ce ramukan iska da wuya ƙwarai a same su a dutsen sama. Ya ƙara da abin da ya sa Kawu ya yi shiru: duwatsun Mas ba su cika kama maganaɗisu ba, saboda haka gwajin da aka yi wa kabbara, in ma ya nuna wani abu, kishiyar abin da ake fata ya nuna. Duk da haka ya ce a yanki ɗan guntu a aika wani ɗakin gwaji a Kaduna, tare da shuɗayen biyu. Bayan mako uku sakamako ya dawo daidai da maganarsa, kuma safayar ta masana'anta ce.

Ya bayyana mana yadda ake tabbatar da dutsen sama na gaske. Ba takarda ake saye ba. Ana yankar samfur, giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari na dutsen, wanda ya fi ƙanƙanta, a ajiye a wata cibiyar bincike da aka amince da ita, masana su tantance, sannan kwamitin ƙungiyar masana duwatsun sama ta duniya ya ba shi suna. Ya kawo misalin Zagami a ƙasar Katsina, dutsen Mas mai kilo 18 da ya faɗo ranar 3 ga Oktoban 1962 kusa da wani manomi a gonarsa: an san rana, an san wuri, an san hannun da ya bi. Game da labarin Agadas kuwa ya ce, "Alhaji, in gaskiya yaf faɗi, kayan da Nijar ta hana fitarwa ka saya. In ƙarya ce, ka ga inda muke." Ya kuma tuna masa cewa a dokar ma'adinai ta 2007 duk ma'adinan Najeriya na hannun gwamnatin tarayya, mai sayensu don kasuwanci na buƙatar lasisi, mai fitar da su waje na buƙatar izini.

Abin da ya ɗauki hankalinsa a gidan ba ya ma cikin akwatin. Wani farin dutse ne mai kamar dunƙulen fura, da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa, wanda Kawu ke danne takardu da shi. Malamin ya jujjuya shi ya ce halittar teku ce da ta zama dutse, irin wadda ake samu a farar ƙasar Kalambaina, tun lokacin da teku ya rufe wannan yanki kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Ya ce a ƙasar nan tamu aka tono ƙasusuwan wata dabbar teku da masana 'yan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo.

"Ina anka samo shi, Alhaji?"

Kawu ya yi tunani. "Wani lebura yab ba ni shi kyauta. Na mance ko daga ina."

Malamin ya mayar da shi kan takardun a hankali. Ya ce da an san ramin da ya fito, da ɗalibansa sun amfana da shi.

Sulhu da sabon tsari, Disamba 2025

Kawu bai kai ƙara ba. Ya kai maganar gaban dattawan layinsu. Dillalin ya rantse shi ma rufe shi aka yi, ya mayar da la'adarsa, ya ƙara da abin da ya iya, jimla naira 250,000. Baƙon ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na 2022 kuwa ba a samu ko sisi ba. Asarar ta tsaya a naira 1,030,000 da dala 150, ban da kuɗin gwaji.

Wani limami cikin dattawan ne ya kawo shawarar da ta zauna. Ya ce a fikihun Malikiyya ciniki bisa zaɓi halal ne, a yanka ɗan lokaci gwargwadon abin da za a gwada kaya ko a yi shawara. Tun daga nan duk dutsen da ya wuce dubu goma sai mai shi ya yarda da kwana uku, a gaban shaidu biyu, kuɗi na hannun amintacce. A kwana ukun ake awo da duba da madubi. Abin da ya wuce dubu ɗari sai malamin ilimin duwatsun ya gani. Kowane dutse ya samu gwangwaninsa da auduga, da kati mai lamba: suna, nauyi, lambar awo, wurin da aka haƙo, wanda ya kawo, rana, farashi. Ruwan batir da injin mai walda an sallame su.

Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairun 2026 an kawo masa duwatsu bakwai masu tsada. Mutum huɗu da suka ji sharaɗin kwana uku suka naɗe kayansu suka tafi. Cikin ukun da suka yarda, ɗaya ya faɗi awo aka mayar, biyu ya saya. Ya kuma fara karɓar na gida daga hannun masu haƙa, irin fallayen jibsam masu haske kamar gilashi da ake samu cikin laka a wajen Dange, wanda farce ma na karce shi, shi ya sa na tsohon akwati duk suka gurje. Wuraren gabashin jihar kuwa rashin tsaro bai bari a je ba.

Yadda nake ganin lamarin

Kawu ba wawa ba ne, kuma ba rashin gwaji ne ya kayar da shi ba. Gwaji ya yi ta yi. Matsalar ita ce duk gwajin da ya riƙe irin wanda jabu ke hayewa ne cikin sauƙi, kuma yakan yi shi ne bayan zuciyarsa ta riga ta saya. Labaran da aka zo masa da su kuma an gina su a kan gaskiya, Mambila da Nasarawa Eggon da Agadas, sai gaskiyar wurin ta rufe ƙaryar dutsen.

Sikeli da madubi sun yi aiki domin suna ba da amsar da ba ta san abin da mai dutse ke fata ba. Amma kowannensu da iyakarsa: sikeli ya kama kwalba, ya wanke safayar masana'anta, ya yi shiru a kan kashin maƙera. Ni kaina da na tsaya a lamba 3.95 da na taya shi murna a banza. A ganina kwana ukun nan sun fi kayan awon tasiri, tunda huɗu cikin bakwai sun tace kansu tun kafin a ɗauko zare.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutumin da ba zai ba da 'yarsa ba sai ya binciki asali, ba zai karɓi fatawa ba sai ya ji daga wa aka karɓo, ya shekara tara yana tara duwatsu bai tambayi asalin ko ɗaya ba. Wannan ɓarnar ce ba ta gyaruwa. Cikin 68 na tsohon akwati, 11 kawai ya iya tuna wurinsu da tabbaci, sauran katuna 57 layin "inda aka haƙo" a buɗe yake, har da na tofaz ɗin, haka ma na dunƙulen mai tauraro. Maganar lasisi ma har yau bai nema ba, yana cewa shi ba ɗan kasuwar dutse ba ne, alhali na ji shi yana tambayar nawa tofaz ɗin zai yi a Jos. Baƙin dutsen yana shago, da shi ake tokare ƙofa in iskar hunturu ta taso, kuma katinsa na ɗaure a jikinsa da zare: lamba 68, kashin maƙera, giram 2,140 kafin a yanka, naira 650,000.